Takardar Albashi da Wankan Jego

Abin da zan faɗa a Kuala Lumpur ya faru, garin da ruwan sama ba ya neman izinin kowa. Ban je yawon buɗe ido ba. Matar ɗana ce ke da tsohon ciki, mahaifiyarta kuma ta riga mu gidan gaskiya, sai aka ɗora ni a jirgi domin in yi mata wankan jego.

Ɗan nan nawa na fari ne, ba na kama sunansa. Gwamnati ce ta tura shi karatu, ita ke ba shi kuɗin ci da na haya. Na tarar da su a unguwar Setapak, a hawa na tara, ɗaki ɗaya tal a cikin gidan da suke rabawa da gwauraye uku 'yan makaranta. Banɗaki ɗaya ne. Na leƙa shi, na dubi cikin yarinyar, na ce ba a wankan jego a inda maza ke bin layi da tawul a kafaɗa. A nemi gida kafin ta sauka.

Ya nema. Gida uku ya gani, uku suka hana shi. Ko'ina maganar ɗaya ce: ina takardar albashi? In ya miƙa takardar gwamnati mai hatimi, sai dillali ya juya ta kamar ganyen da ya tsinta a hanya, ya ce, "Tak boleh," wato ba zai yiwu ba. Wai kuɗin tallafin karatu ba albashi ba ne, wai yana makara. Yana makara, wannan gaskiya ce. Amma shekara biyu ɗana yana garin, ko da gaya suka kwana, bai taɓa barin haya ta tsallake wata ba.

Na ce masa, "Garin nan babu alƙali ne?"

Ya ce, "Inna, na ji akwai ƙasashen da doka ta hana mai gida ya kore ka don hanyar da kuɗinka ke zuwa, muddin halal ne kuma kana biya. Nan na tambaya, an ce mai gida shi ke zaɓar wanda ya ga dama."

Sai wani abokinsa mai koyarwa, mai takardar albashi, ya ce a kama gidan da sunansa, mu shiga a matsayin baƙinsa. Ɗana har ya fara murna. Na ce a'a. Jikana ba zai buɗe ido a gidan da ubansa ya shiga da sunan wani ba, kamar ɓarawo. Kuɗin karatu ba kuɗin sata ba ne da za a lulluɓe shi da zane.

Gida na huɗu na ce da ni za a je. Na saka mayafina na fita unguwa. Gida ne mai kyau, ɗaki biyu, banɗaki biyu, iska na shiga ta ko'ina. Dillalin siriri ne, yana ta kaɗa makullai a yatsa. Ya karɓi takardar, ya fara tambaya: wa ke turo kuɗin, yaushe, in gwamnatinku ta manta da ku fa? Ɗana na amsawa kansa a ƙasa.

Na ce, "Kai, tsaya. Wannan ai bincike ne."

A wajenmu, in an zo binciken aure ba ɓangare ɗaya ke yi ba. Kun tono asalinmu, mu ma sai mun tono naku. Na ce wa ɗana, "Tambaye shi, mai gidan nan da wane kuɗi ya saye shi? Guminsa ne, gado ne, ko bashin banki mai kuɗin ruwa? Ni ma ba kowane gida nake yarda a raɗa wa jikana suna a ciki ba."

"Inna, don girman Allah."

"Faɗa masa. Kuma kar ka rage ko kalma, ina kallon bakinka."

Ya faɗa. Makullan nan suka daina kaɗawa. Dillali ya dube ni, ya yi wata dariyar da ba ta kai ciki ba, ya koma bakin taga ya kira mai gidan a waya. Ashe mace ce. Suka daɗe suna magana da yarensu, ina jin muryarta tana tashi tana sauka. Da ya gama ya ce wa ɗana, ta ce a gaya wa tsohuwa ba ta yi ƙarya ba, bashin banki ne, kuma banki ba ya jiran gwamnatin kowa. Ta ce a yi haƙuri.

Na ce, "Gaya mata na ji. Ita ma ashe a ƙofar wani take tsaye. Amma ba ta tambayi ko yana biya ba, ta tambayi daga ina yake samu. Wannan kam ban yafe ba."

Haka muka hau jirgin ƙasa muka koma ba mu samu gidan ba, ɗana yana fushi da ni. Ni kuwa ban ba shi haƙuri ba.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka matar ɗana ta sauka lafiya, an samu mace. Ran da aka sallamo su daga asibiti na tara gwaurayen nan uku a falo, na ce, "'Ya'yana, daga gobe har kwana arba'in, hantsi da la'asar banɗakin nan nawa ne. Mai gaggawa ya tafi masallaci."

Ɗaya ya ce, "Hajiya, in jarrabawa gare mu fa?"

"Ka yi wanka da asuba. Ƙwaƙwalwa ma ta fi buɗewa."

Babbar tukunyarsu ta dafa shinkafa na ƙwace nake tafasa ruwa a ciki. Ganyen darbejiya wani Ba'indiye mai shago ya riƙa kawo mini daga bayan gidansu. Ni kuwa na shimfiɗa tabarma a ƙofar kicin, nan na kwana arba'in, ƙafafuna a hanyar masu wucewa. Safe da yamma aka yi wankan, ba a tsallake ko ɗaya ba.