Sifika Biyu a Gidan Saiti

Tun yana saurayi ake ce masa Saiti, har sunan yanka ya koma na katin asibiti kawai. Aikinsa a gareji saitin ƙafafun mota ne. A kawo masa motar da ke jan hagu ko take cin taya gefe guda, ya shiga rami da sifana, ya murɗa nan kaɗan, ya murɗa can kaɗan, har tayoyin gaba su yarda su nufi wuri ɗaya. Da wannan ya yi furfura, ya kuma fito da aƙida guda: duk abu biyun da ke tafiya tare, in sun saɓa, laifin na duka biyun ne, gyara kuwa raba shi ake yi. Ya sha gwada aƙidar a faɗan maƙwabta. Ba ta taɓa aiki ba, shi kuma bai taɓa zarginta ba.

Da ya bar aiki, gida ya gano abin da gareji ya daɗe yana rufa wa asiri: mutumin ba ya iya zama. Ya miƙe hotunan bango, ya kankare ƙasan ƙofofi, ya rage wa teburin cin abinci ƙafa har ya dawo tsayin na yara. Abu ɗaya ke zaunar da shi, wasan kwaikwayon da suke kallo da matarsa kullum da yamma a tsohuwar kwamfutar da surukinsu ya bar musu a falo, da doguwar sifika mai kama da sanda kwance a gabanta. Matar tela ce. Tana kallo tana kalmasa, shi yana kallo yana gyara wa 'yan wasan tuƙi.

Sai ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Likita ya ce kwanciya, ba motsi. Saiti ya kai ruwa, ya kai magani, komai a kan lokaci. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Da sauƙi ko?" Kafin ta amsa ya juya. Wannan ɓarnar ba ta da notin da za a ɗaure, shi kuwa bai san yadda ake kallon irinta hannu sake ba.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ita ta fasa ƙwan.

"Baba, Mama ta haddace silin ɗin ɗakin nan. In haka za a ci gaba, ran Asabar zan zo da mota in tafi da ita gidana sai ta warke."

"Me ta rasa? Magani ya taɓa wuce lokaci?"

"Ka tambaye ta mana. Ga ta can, ba nisa."

Bai tambaye ta ba. Tun da aka kawo matar gidan bai taɓa kwana ba ta ciki ba, kuma ya san "sai ta warke" a bakin Auta magana ce mai doguwar wutsiya. Ya zagaya falo, ya yi nazari, ya gano cutar da kansa: wasan yamma ta rasa. Auta ta ce to a mai da kwamfutar ɗaki. Ya nuna mata wayoyin da ya bi bango da su da ƙusoshi, a miƙe kamar da rula, ya ce wannan aikin ba mai tayar da shi. Washegari ya dawo daga kasuwa da sifika ta biyu, marar waya, mai bulutut, ya ɗora ta kan akwatin da ke ƙarshen gadon. Ita ta ji daga ɗaki, shi ya gani daga falo, kowa ya huta.

Ba wanda ya huta. Ta falo mai waya tana magana, ta ɗaki tana bin ta a baya da ɗan taƙi. A lungun da ke tsakanin falo da ɗaki kowace kalma sau biyu take fita, kamar ana kwaikwayon mutum don a tsokane shi. Saiti ya tsaya a lungun nan, kansa a karkace, fuskarsa irin ta wanda ya ji ƙara a ƙarƙashin mota.

"Kana riga ni dariya, Malam," ta ce daga ciki. "Ban da wannan ni ban ji komai ba."

"Ta nan tana ja. Yanzu zan saita."

Ya koma wurin mai shagon. Mutumin ya biyo shi gida ya sa masa wata manhaja mai maɓalli biyu da ake ja, kowace sifika da nata.

"Baba, ta falon kaɗai za ka taka wa birki, ta jira 'yar uwarta. In ka zarce, ka dawo da shi baya. Ɗayar kada ka taɓa. Sauti ba a tura shi gaba, jinkirta shi kawai ake yi."

Saiti ya gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa wanda aka girme wa uba. Yin saiti a gefe ɗaya! Haka ake lalata sitiyari.

Ya samo sautin gwaji, wani ƙwas-ƙwas kamar ana buga guduma, ya kai wa matar cokali da kofi.

"Da kin ji, ki buga."

"Malam, ni ce marar lafiyar ko sifikar?"

"Ki buga dai."

Ta buga. Ya ja na falo, ya ruga lungu, ya saurara. Ya zarce, yanzu ta falo ce a baya. Ya dawo ya ƙara wa ta ɗaki, tunda gyara rabawa ake yi. Ita ma ta zarce. Ya ƙara wa ta falo. Haka ya wuni yana safa da marwa, silifas na ta faɗa da siminti. Da safe in aka kunna, bulutut ɗin ya tashi da sabon hali, a sake daga farko. Wasan yamma kuwa aka daina kallo, don ba a gwaji da surutu. Kwanakin nan matar ba ta ji komai ba sai guduma.

"Na ji ta fi ni samun ziyara," ta ce ran Juma'a, tana nuna sifikar da cokali. "Ka ce wa Auta ta zo da babbar jaka."

Ya amsa da abin da ya iya, ya koma kan maɓalli.

Ran Asabar da yamma, ana dab da fara wasa, ya tsaya a lungu ya ji ƙwas ɗaya tak. Ya matsa gaba, ya matsa baya. Ɗaya ce. Ya share zufa, ya kunna wasan, ya zauna a falo zaman wanda ya ci yaƙi.

A allo wata mata ta buga ƙofa da ƙarfi, ta sauka matakala, sannan ƙarar ƙofar ta iso. Wani dattijo ya buɗe baki ya yi ta taunar iska, hoto ya koma kan jikarsa, sai ga muryar dattijon tana fita daga bakin yarinya. Sifikokin sun daidaita da juna, babu shakka. Sai dai ya yi ta ƙara musu jinkiri bi da bi har sun bar hoton ya tafi shi kaɗai.

Ya kai hannu kan maɓalli, ya janye. In ya taɓa, aikin sati ya rushe, ga Auta a hanya. Ya rufe ido, idon ya buɗe da kansa. Ya koma lungu, allon na leƙo shi ta madubin kabad. Duk gidan wuri ɗaya ne kawai ba a ganin ɓarnar. Ya shiga ɗakin matar, ya jawo kujerar keken ɗinki, ya zauna a bakin gado.

"Ɓatan hanya ka yi, Malam?"

"Gwaji nake. Daga nan ake ji daidai."

"To. Gwada a hankali."

Dattijon wasan ya faɗi wata maganar banza, suka yi dariya tare. Ta miƙa masa kofin ya riƙe mata. Ya riƙe, don ba inda zai ajiye.

A haka Auta ta same su, tana turo keken guragun da ta aro, da jaka a kansa. Ta dubi falon da ba kowa, inda baki ke motsi ba murya, ta dubi uban.

"Baba, kwamfutarka ta haukace fa."

"Kada ki taɓa ta," in ji uwar da sauri. "An sha wahala kafin a same ta haka. Jakar ma ajiye ta tukuna, mu ga ko gwajin zai kai gobe."

Saiti ya karkata kai. Idonsa na kan keken guragun, tun da aka shigo da shi ya lura Auta na danne hannu ɗaya.

"Ke, sake turo shi in gani," ya ce. "Wannan abin hagu yake ja. Ɗauko mini sifana a falo, a nan zan yi shi."