Gwadabe Maɗori da Hoton Ƙugun Muntaka

"To ai na taɓa shi, Baba, ko motsi bai yi ba," in ji Likita Nwokedi. "Mai karaya a ƙugu ba ya kwanciya shiru haka. Ku kai shi gida ya huta."

Gwadabe ya dubi Muntaka a kan gadon ɗakin taimakon gaggawa. Lebura ne, da hantsin nan ya faɗo daga kan motar siminti a unguwar Uwani, nan Inugu. Zufa na tsattsafo masa, ya ciji leɓe. A gefen gadon surukinsa Malam Kallamu na tsaye da carbi.

Gwadabe ɗori ya gada a Gumel. Ya zo Inugu yana saurayi, ya gudu da aka yi tashin hankali, bayan yaƙin basasa ya dawo ya tarar ɗakinsa ba rufi. Da kuɗin mai suka zo, gine-gine suka yi yawa, karaya ma ta yi yawa. Hannu da ƙauri yakan ɗora da kansa, amma ƙugu da baya sai ya rako mutum asibiti ya yi tafinta, don ya ce yatsa ba ya ganin abin da ke can ciki.

"Likita, a ɗauki hoton ƙugun dai," ya ce da ɗan Turancinsa na kasuwa.

Likitan ya sauke murya, ya gaya masa dalili. Makon jiya babban likita ya kira shi, ya baje masa hotunan da ya sa aka ɗauka cikin wata guda. Yawancinsu ƙashi lafiya ƙalau. Aka ce yana ɓarnar fim ɗin hoto, ga shi sabbin kayan sun maƙale a tashar jirgin ruwa. Tun ranar hannunsa ke nauyi wajen rubuta takardar hoto.

"Sun nuna maka waɗanda ka ɗauka," in ji Gwadabe. "Waɗanda ka sallama fa, wa ya kawo maka labarinsu? Wurina suke zuwa. Ka tuna Falalu mai albasa, da ka ce targaɗe ne?"

"Na tuna shi. Ya warke?"

"Da sanda yake tafiya. Ƙafar ta gajarce."

Likitan ya hau juya biro a yatsunsa. Gwadabe ya tsura masa ido. In mutumin nan ya ji haushi ya juya baya, Muntaka zai koma gida a kan katako, ƙashin ya haɗe a karkace, ɗaukar siminti kuma ya ƙare ke nan.

"Amma wannan bai ce uffan ba, Baba. In rubuta me? Mutum ya yi shiru?"

"A gaban uban matarsa? Ko ƙafar ka yanke ba zai yi kuka ba. Mu haka muke."

Gwadabe ya juya, ya ɗan rusuna. "Malam, don Allah a ɗan ba mu wuri. Za a kwance masa wando."

Malam Kallamu ya fita da sauri, har da sunkuyar da kai. Gwadabe ya ja labule.

"To, jarumi, ya tafi. Ba mai kai wa matarka Haulatu labari."

Likita ya riƙe diddigen ya ɗan murɗa ƙafar. Muntaka ya ƙwalla ihu har ma'aikaciyar jinya ta leƙo, ya damƙe rigar Gwadabe yana salati.

Likitan ya saki ƙafar. Sannan ya zaro takarda ya rubuta, ya sa hannu.

"In wannan ma ya fito lafiya, ni da kai za mu tsaya gaban babban likita."

"Na yarda. In ma shari'a ce, tare za mu je."

"Daga yau duk wanda na sallama ya zo wurinka, ka zo ka gaya mini. Ka hanzarta, mai ɗaukar hoton ƙarfe biyu yake tashi."

Gwadabe ya dubi agogon bango, saura kwata. Ya ɓamɓare yatsun Muntaka daga rigarsa, ya soke takardar a hula, ya bi baranda yana neman wanda ke riƙe da gadon turawa.