Gonar da Kawu ya jinginar saboda ni

Kafin in zama abin da na zama, ni yaron kirki ne, kuma ba yabon kaina nake yi ba. Ku je ƙauyenmu a karkarar Sarkin Yamma ku tambaya. Mahaifina ya rasu ban yi wayo ba, sai ƙanin mahaifiyata, Kawu Ilu, ya ɗauke ni ya haɗa da ƴaƴansa. Gona ɗaya gare shi, ta gado. Da geronta ya ciyar da mu, da shi ya saya mini kayen rubutu da alƙalami har na kai kwaleji a Madarunfa. Lissafi ne kawai abin da na fi kowa. Da karatu ya ƙi gaba, Kawu ya kai ni Ɗan Issa wajen wani dattijo mai canjin kuɗi, ya ce masa, "Alhaji, ga amana. Yana da kai, kuma ba shi ɗauke-ɗauke."

A teburin canjin nan na fara sata, kuma ƙarama ce ƙwarai. In damina ta kusa, ƴan ciranin Gabi da na ƙauyukanmu sukan dawo daga Najeriya da naira ɗinke a ƙugun wando, a gajiye, ba su san yadda farashi ya kwana ba. Sai in rage musu dala biyu ko uku a kowace jika, wato sefa goma ko sha biyar a cikin dubu. Ina ce wa kaina, wa zai yi kuka a kan dala? Ba wanda ya yi kuka, har addu'a suke yi mini.

Daga nan na gano ajiya. Mutanenmu ba sa son banki, layi da takardu suna ba su tsoro. Mutum ya fi yarda ya bar kuɗinsa a hannun ɗan garinsu mai tebur, kuma ba ya neman ko guntun takarda, don a wajenmu neman takarda daga ɗan'uwa kamar zaginsa ne. Kuɗi suka riƙa kwana a hannuna wata da watanni. Wata kaka na ɗebi na ajiya na sayi wake, na kulle a magaza, da ya yi tsada na tsallakar da shi iyaka. Na ci riba mai kyau, na mayar wa kowa nasa cif, ba wanda ya sani. Har yau ina jin haushin ribar nan. Da asara na yi a wannan shekarar, da na ji tsoro na tsaya.

Na bar Alhaji, na kama ɗaki a bakin hanya na mai da shi buro, wato ofis, na shafe shi da fenti, na kafa allo na sa wa abin suna asusu. Ka kawo kuɗinka, in juya maka, kowane ƙarshen wata ka zo ka karɓi riba, uwar kuɗi kuma tana nan. Ranar da na je sallama Alhaji bai ko ɗago kai daga ƙirgar da yake yi ba. Ya ce, "In ka hwaɗi da naka, kai kaɗai ka hwaɗi. Na mutane ne ba ni son ka taɓa." Na ce a raina tsufa ne ke damunsa.

Kullum bayan la'asar ana majalisa a ƙofar buron nawa, ana dafa shayi, ana hirar kasuwa. Wannan ya ce naira za ta tashi, wancan ya ce sefa ba ta motsi, wani ya kawo zancen fetur da kuɗin duwan, wato kwastan. Ni kuwa ina tsakiya da salula biyu, ina zubo musu maganganun da na haddace daga bidiyon masu hirar jari, rabinsu ban san ma'anarsu ba. In na yi shiru kowa ya yi shiru. Ba don ilimi ba ne, don ina biya a kan lokaci ne.

Mutum ɗaya ne ya taɓa tsayar da ni a majalisar nan, Malam Sani, wanda ya yi aiki a wani gidan ajiyar kuɗi a Maraɗi har ya yi ritaya. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Yaro, wa ya ba ka izinin amsar kuɗɗin jama'a? Wa ke zuwa shi duba lissahinka? Kuma ran da naira ta hwaɗi, wa za shi ɗauki asara, kai ko su?"

Na yi murmushi na ce, "Malam, ku da kunka yi shekaru kuna rubuta takardu, mi kunka tara? Ga ka nan ko moto ba ka da."

Majalisa ta fashe da dariya. Malam Sani ya kaɗe rigarsa ya tafi, bai sake dawowa ba. Ina tuna fuskokin masu dariyar nan ɗaya bayan ɗaya, don su ne daga baya suka fi kowa zagina. Tambayoyin da ya yi, su ya kamata su yi, tunda kuɗinsu ne, amma kwaɗayi ya toshe musu kunne kamar yadda ya toshe mini.

Abin da ya faɗa kuwa shi ya faru. Na zuba kusan duk asusun a wake, na ba dillalan ƙetare bashi a kan farashin naira, za su biya daga baya. Sai aka rufe iyaka, naira ta yi ta zubewa. Abin da ya dawo mini, in na canza shi sefa, ko kusa da uwar kuɗi bai kai ba. Wasu dillalan ma suka kashe waya suka yi ɓatan dabo. A lokacin, da na tara mutane na gaya musu gaskiya, da kowa ya samu wani abu. Ban yi ba. Na ci gaba da biyan ribar wata, amma yanzu da kuɗin sababbin zuwa nake biyan tsofaffi, har na ƙara yawan ribar don a ƙara kawowa. Daga ranar ban ƙara zama ɗan kasuwa ba, ɓarawo ne mai buro.

Manya su ke fara jin warin abu. Wani mai kamiyoyi, manyan motocin ɗaukar kaya, da ya zuba kuɗi masu yawa ya zo ya rufe ƙofa, ya ce ba ya son riba, uwar kuɗinsa yake so kafin Juma'a, in ba haka ba jandarma za su zo. Ba ni da su. Ina zaune kaina ya kulle, sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke Kawu Ilu a ƙofata, da rigarsa ta sallah. Ya zauna, muka gaisa, ya ciro leda daga aljihun ciki ya ajiye a tebur.

Na ce, "Kawu, ina ka samo wanga kuɗɗi?"

Ya ce, "Gona na jinginar ma Alhaji Mati. Damina guda ce kawai. Kowa na cin arzikin ɗana, ni da na rene shi in zamna ina kallo? Juya min, in ribar ta taru in hwanshi gonata, in sai shanun noma da amalanke. Bayana ya gaji da hauya."

Ku da kuka tashi a birni, bari in gaya muku mece ce jingina. Mai gona yakan karɓi kuɗi ya miƙa gonarsa. Wanda ya ba da kuɗin shi zai noma ta, shi zai ci amfaninta, shekara ɗaya ko ashirin, sai ranar da aka mayar masa da kuɗinsa cif. Kawu ya san wannan, ni ma na sani. Abin da ni kaɗai na sani shi ne asusun wayam yake.

Bakina ya buɗe zan ce masa ya ɗauki ledarsa ya koma tun Mati bai sa iri ba. Wallahi maganar ta zo har leɓena. Sai na tuna Juma'a. Na sa hannu na jawo ledar, na ce, "Kawu, ka kawo a daidai." Na aika aka sayo masa lemo mai sanyi, na biya masa kuɗin kabu-kabu, ya tafi yana sa mini albarka. Kafin magariba kuɗin gonarsa suna hannun mai kamiyoyi.

Kuɗin ba su saya mini komai ba sai ƴan makonni. Labari ya fita cewa babban mutum ya cire nasa, jama'a suka yi mini caa a ƙofa, matan da suka kawo kuɗin adashi suna kuka, ƴan cirani suna jifan allon. Jandarma ne suka fitar da ni da rai. A kotu, tambayar farko da alƙali ya yi mini ita ce ta Malam Sani: ina izinin hukuma? Na sunkuyar da kai. Amma a cikin sunkuyon nan raina yana tafasa, don allona ya daɗe a bakin babbar hanya, masu kaki da ma'aikatan gwamnati suna wucewa, wasu har sun zauna sun sha shayina, ba wanda ya taɓa neman wannan takarda sai da kuɗin talakawa suka ƙone. Mai kamiyoyi kuwa ya zo kotu da farar shadda a matsayin mai shaida, ko dala bai rasa ba. Ba ina wanke kaina ba ne. Ni na yi satar. Amma ba ni kaɗai na ga ramin ba.

Kawu bai shigar da ƙara ba, bai kuma zo kotu ba. Sau ɗaya ya aiko mini da tabarma da bargo a gidan kaso, babu saƙon baki. Na yi shekaruna a can cikin zafi da kwarkwata da wake mai tsakuwa, kuma duk wannan bai dame ni kamar bargon nan ba. Na yi ta tsara abin da zan ce masa in na fito. Na fi so ya zage ni, ya ɗaga hauya ya sare ni, in huta.

An sake ni da bazara, ana sharar gona. Na wuce ƙauye kai tsaye. Ban same shi a gida ba, matarsa ta nuna mini hanyar gona da haɓa, ba ta amsa gaisuwata ba. Daga nesa na hango shi ya rame, da kwando a ka, yana juye taki a gindin gawon da muke hutawa muna yara. Na durƙusa a ƙasa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu.

Na ce, "Kawu, ka hwanshi gonar?"

Ya ce, "Da mi? Tana hannun Mati. Barema nike yi mishi, in ruwa ya sauka in yi noma shi biya ni na yini."

"To takin hwa? Shi ya sa ka?"

Ya kaɗe kwandon ya ce, "Mati ba shi sa taki, ya san ba tashi ba ce, tatsa kawai shikai. Na awakina ne nike kawowa. Gonar ubana ce. Ba ni so ran da ta dawo in iske ta mutu."

Na roƙe shi gafara ina kuka kamar yaro. Ya ce ya yafe tun ina ciki, ya miƙo mini kwandon ya ce akwai saura a gida. Ban taɓa jin haushin kaina kamar ranar ba, kuma haushin bai tafi ba har yanzu.

To ku samari, da ku nake. Yanzu abin ya bar buro ya koma salula, kullum ana turo muku wani sabon asusu mai ninka kuɗi, har da hoton wani a jikin mota. Raina ɓaci yake in na ga kuna turawa, don na san abin da ke bayan hoton, ni ne a bayansa da. Duk wanda ya ce ka kawo ya juya maka, ka tambaye shi wa ya ba shi izini, ka je da ƙafarka ka tabbatar. Ka tambaye shi wa ke duba lissafinsa, kuma wa zai ɗauki asara in kasuwa ta juya. In ya ce babu asara, maƙaryaci ne. In ya yi maka ba'a don ka tambaya, tashi ka tafi kamar Malam Sani. Ka nemi takarda ko da ɗan ɗakinku ne, kunyar minti ɗaya ce. Kada ka taɓa jinginar da abin da ke ciyar da gidanku don ribar da ba ka ga inda take fitowa ba. Kai kuma mai riƙe da ajiyar mutane, ka ji tsoron dalar farko, da ita na fara.

Na tuba ga Allah, ina kuma neman gafarar duk wanda na cuta, har waɗanda na rage wa dala biyu. Yanzu dako nake yi a tashar Ɗan Issa, abin da na samu ina kai wa Kawu yana tarawa a gwangwani, don Mati ba ya karɓar rabi, sai cif. Har yanzu da saura mai yawa, Kawu kuma ƙarfinsa yana ƙarewa. Bana ma gonar ta yi gero mai kyau, musamman wajen gawon. Ni da shi muka ɗaure dammunan, muka ɗora a amalanke, aka kai rumbun Mati.