Layi a Wuyan Zaki

Sana'ata sayen matattun manyan motoci. Idan roka ta gaji a hanyar Anka ko ta Bukkuyum, mai ita ya rasa yadda zai yi da ita, ni ake nema. In jawo ta Gummi, in farke ta, in sayar da inji daban, giya daban, sifirin daban. Katakon bodi masu gidan burodi ke kwashewa. Ƙyauren baya kaɗai nake riƙewa, don katakonsa ya fi kauri. Da irinsu na kewaye rumfata, zanen da ke jikinsu yana kallon ciki. A rumfar nan nake ajiye tayoyi da durom na baƙin mai da duk abin da na mallaka. Jingine da bayanta ɗakin Inna ne, wadda a lokacin ƙafafunta sun daina ɗaukarta.

Wata rana wani malamin zane na sakandare, ɗan Anka, siriri mai yawan magana, ya zo neman katakon da zai yi allo. Da ya shiga rumfar sai ya manta abin da ya kawo shi.

Ya ce, "Alhaji, ka san mi ka tara nan kuwa?"

Na ce, "Katako."

"Wanga ai makaranta ce! Ka bar ni in kawo ɗalibaina."

Na yarda, don na lissafa cewa yaron da ya san ƙofar rumfata, wata rana ubansa zai san ta.

Haka suka riƙa zuwa duk mako bayan an tashi daga makaranta. Ya sa aka jera ƙyamaren daga mafi tsufa zuwa na baya-bayan nan, yana bin su da tsinke yana bayani. Ni ina gefe ina kwance noti, amma kunnena na wurin. Ashe kowane mai zane da hannunsa, kamar yadda ake gane sawun taya. Akwai wani tsoho na wajen Bukkuyum da ke yi wa haruffa tumbi, ya sa musu inuwa ta hagu, shi ne duk masu rubuta allon shago suka kwaikwaya. Akwai gurgu na Anka wanda ya fara da zayyanar allon sauka, shi ya sa bokonsa ke lanƙwasa kamar ajami, kuma ba ya barin gefe sai ya cika shi da ganye. Sai wani da ya yi zaman kudu ya dawo da zaki da mikiya da ruwan fenti mai ƙyalli. Malamin yakan ce a littattafansu sunayen Turawa ne kawai, alhali ga waɗanda suka koya wa idonmu abin da yake kyau. Yaran su tsugunna gaban kowane ƙyaure, takarda a gwiwa, suna kwafa.

Tsugunnon nan ne ya jawo mini. Lokacin shari'a ba ta daɗe da kankama a jiharmu ba, zukata da zafi, kowa na duba kansa yana duba maƙwabcinsa. Ni ma ina cikin waɗanda suka yi murna da ita. Wani ya leƙa ta tsakanin katako, ya ga yara durƙushe gaban zaki, wani mutum tsaye yana nuna musu shi da tsinke. Kafin labarin ya zagaya tasha, ya zama ina da gumaka a rumfa, ana kawo 'ya'yan mutane suna yi musu sujada.

Na fara ji a jikina tun kafin a faɗa mini. Mai shayin da nake zama wurinsa ya miƙo mini kofi bai dube ni ba. Wani direba da muka yi ciniki ya aiko cewa ya fasa. Na shiga gaida Inna, ta ce, "Mi ya same ka, ka yi zuru-zuru?" Na ce zazzaɓi ne.

Ranar da abin ya fashe, bayan azahar ne, malamin na ciki da ɗalibansa. Na ji hayaniya daga bakin titi, na fito. Samari ne cike da layin, wasu na sani, wasu ban taɓa gani ba. Abin da idona ya fara sauka a kai jarka ce, a hannun wani ɗan bumburutu da na sha sayen mai a wurinsa. Ya ajiye ta daidai ƙofar rumfar, babu murfi. Warin fetur ya doke ni. Ban tuna tayoyi ba, ban tuna inji ba. Inna na tuna, da yadda sai mutum biyu sun kama ta kafin ta kai bakin ƙofa, da rufin ɗakinta da ke haɗe da na rumfar.

"Hiddo gumakan!" in ji wani.

Na ce, "Ku bari yaran su hita tukuna." Yaran suka sulale ɗaya bayan ɗaya, wasu na kuka. Malamin zane ya fito yana son ya yi bayani da tarihi, wani ya ture shi ya koma ciki.

Na san ciniki. Na san idan mutane suka taru a kan abu, ba a ce musu babu, sai dai a nemi wanda zai yanke farashi. Na ɗaga hannu na ce ban yarda kowa ya taɓa komai ba sai malamin unguwarmu ya gani da idonsa, abin da ya yanke na ɗauka. Tsoho ne, abokin mahaifina, kuma rabin samarin nan a zaurensa suka yi karatu. Aka tafi kiransa. Tsayuwar da na yi kafin ya iso, idona a kan jarka, ina kallon aljihun kowa ko zan ga ashana, ban taɓa yin mai tsawonta ba.

Ya zo da sandarsa, ya shiga, ya bi ƙyamaren a hankali. Gaban na gurgun Anka ya daɗe. Ya ce, "Wanga hannu na san shi. Shi ya yi ma ƙanena zayyana." Sannan ya juyo wurina. "Kai ɗan nan, ubanka bai bar maka hankali ba? Wanga lokaci kaka tara yara gaban dabba?"

Na ce, "Allah gafarta malam, na yi wauta."

Ya fito bakin ƙofa ya ce babu gunki a nan, babu mai sujada. Rubutu da ganye da masallaci ba laifi. Amma abu mai rai, a raba kansa da jikinsa, kamar yadda masu zane na dā ke yi: a ja layi a wuya, ya tashi daga siffar mai numfashi. Wasu suka yi gunaguni, suna son wuta. Ya buga sanda a ƙasa, suka yi shiru, amma ba wanda ya ɗauke jarkar.

Aka miƙa wa malamin zane buroshi. Ya zaɓi ƙarami, ya tsaya gaban zakin. Ya ja wani siririn layi a cikin gashin wuya, yadda sai ka matso za ka gani.

"Ba mu gani ba!" aka yi ihu daga waje. Na ji ƙarar jarka, wani ya taɓa ta da ƙafa.

Na fizge babban buroshin da nake shafa wa ƙarfe, na tsoma a baƙin fenti. Malamin zane ya riƙe mini hannu. "Alhaji, don Allah, wanda ya zana shi ya mutu, babu wani irinsa."

Na ce, "Inna na bayan katakon ga."

Na ja layi mai faɗin tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan, fenti na zuba a ƙirjin zakin. Na yi wa mikiya, na yi wa doki, na yi wa wani kifi da ban ma san inda wuyansa yake ba. A kan kifin ne wani ya yi dariya, wasu suka taya shi, taron ya fara sakin jiki. Ɗan bumburutun ya ɗauki jarkarsa, har yana ce mini sai an jima.

Ɗalibai ba su sake zuwa ba. Malamin zane ya daɗe ba ya amsa gaisuwata da kyau, daga baya aka mayar da shi wata makaranta. Ƙyamaren kuwa na ciro su na jingina da katangar gida, zane ya koma kallon bango.

Da la'asar ɗin ranar na shiga wurin Inna. Ta ce ta ji hayaniya, ko faɗan 'yan tasha ne? Na ce shi ne. Ta shaƙi iska ta ce ɗakin na warin mai. Na kira maƙwabcina muka kama ta, da gadonta da buta da tasbaha, muka mayar da ita ɗakin da ke can ƙarshen gida. Tana ta faɗa cewa ɗakin ba ya samun iska. A nan ta zauna har Allah ya karɓi abinsa.