Takardar Gawayi da Hannun Baba

Shekara biyu Baba bai taɓa buroshi ba. Shi ne ya zana rabin allunan shagunan layinmu a Aboabo, daga na masu aski har na masu gyaran babur, sai hannunsa ya fara rawa. Fenti yana iya shafawa, amma jan layi ya gagara, don haka ya kulle zanukansa a adaka ya koma zaman ƙofar gida. Wannan zaman nasa yana ci mini rai.

Wata Asabar na buɗe adakar na ci karo da hoton Mma, mahaifiyata. Da fensir ya zana ta tun tana amarya, da ƙwarya a ka, tana harara. Nan take dabara ta faɗo mini. Tun da layi ne ya gagare shi, ai ga layinsa nan a takarda. In na kwafe shi a kan farin ƙyallen da ake ɗaurewa a katako, saura fenti kawai. Don murna har ɗankwalina ya faɗi ban sani ba.

Takardar kabon ta kanti ba ta yi, na san shuɗinta yana ɓullowa ta cikin fenti. Sai na ce zan haɗa tawa. Na daka gawayi, na tankaɗe, na shafa a takardar buhun siminti. Da na ɗaga ta, garin ya zube kaf a zanina.

Mma tana gefe tana cura man kaɗanya, sana'arta ke nan. A wurinta babu abin da man kaɗanya ba ya gyarawa, daga kaushin ƙafa har ƙofar da ke ƙara.

"Sa masa mai kaɗan mana," in ji ta. "Zai kama paa!"

Ni kuma halin uwata na gado, na sa. Ya kama kuwa, takarda ta yi baƙi wuluk tana sheƙi. Muka tafa. Na gwada a kan wani guntun ƙyalle, sai ga maiƙo ya naso ya bazu, na ɗiga fenti a kai ya zame ya ƙi zama.

Ashe Baba yana kallonmu ta wutsiyar ido. Da ya ga na ɗauko hoton Mma zan ɗora a kan wannan takarda mai maiƙo, sai ya yi tsawa.

"Ke! Ajiye! Miya kuke dafawa?"

Ya taso da kansa, yana faɗa yana tattare hannun riga. Ya ce in sake tankaɗe gawayin da tsohon gyale, ba da rariya ba. Ya sa na yago takardar siminti ta ciki, mai laushin, na goge ta tas. Sannan ya dangwali garin da auduga ya fara murzawa, a bushe, ba ruwa ba mai.

A nan na ga abin da ya sa na kusa yin ihu. Rawar hannun nan da ta raba shi da sana'arsa, ita ce ke tura garin cikin takarda, ƙanana-ƙanana, ko'ina daidai. Ni da lafiyayyen hannuna ban iya haka ba. Ya kaɗe takardar, ya hura, babu abin da ya zubo.

Muka kifa ta a kan ƙyalle, muka ɗora hoton a sama, muka danne kusurwoyi da duwatsu. Ya ba ni biron da tawadarsa ta ƙare ya ce in bi layi, kada in danna, kada kuma in gyara masa komai. Na bi ƙwarya, na bi wuya, na bi hararar.

Da na ɗaga takardun, ga Mma a kan farin ƙyalle, siririn layi baƙi, babu rawa ko ɗaya. Na yi tsalle na rangaɗa guɗa.

Mma ta leƙo ta ce, "Kai, da ni ma kyakkyawa ne!"

Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon layin, ya bi shi da yatsa a iska ba tare da ya taɓa ba. Can ya miƙo mini hannun nan mai rawa, ko juyowa bai yi ba.

"Buroshina yana ƙasan adaka," in ji shi. "Ɗauko ƙaramin."