Odile Fortin, Mai Ɗinka Sunaye

Ƙarfe shida na safe Odile Fortin take sauka matakalar da ke ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, ta buɗe ɗakinta marar taga, ta hura wa yatsunta iska, ta zauna gaban keken ɗinki. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka a filin hokin ƙanƙara na garinmu, nan bakin kogin Saguenay. Duk sunan da kuka taɓa kira da ihu a bayan rigar ɗan wasa, allurarta ce ta kafa shi.

Kowace kaka 'yan wasa arba'in ke zuwa gwaji, ashirin da uku ake ɗauka. Koci ba ya fitar da sunaye sai Juma'a, wasan farko kuwa Asabar, kuma kowa rigarsa biyu, ta gida da ta waje. Hannu ɗaya ba zai ɗinka wannan a yini ɗaya ba. Don haka tun Litinin take fara ɗinki, da hasashenta kawai.

Ba ƙwallayen da aka ci take ƙirgawa ba. Kayan wanki take dubawa: wa safarsa ta yage wurin tare bugu da ƙwauri, wa ya fito da riga fes kamar ɗan biki. Tana kuma kasa kunne ta ji wanda koci ya daina yi wa tsawa, don ta ce ba a faɗa da wanda aka riga aka sallama a zuci. Sau biyu tak ta taɓa farke suna.

Wannan baiwa ita ta raba ta da mutane. A makon gwaji, ƙarti masu karo da bango sukan sunkuyar da kai in sun hango ta. 'Yan jarida su kawo mata kofi da murmushi, ta sha kofin, ta mayar musu da kofinsu. Miyar wakenta ita kaɗai take sha, a bayan ƙofa rufe. Ke ce kika nuna mana, Inna Odile, cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sau ɗaya bakinta ya buɗe. Gaston, direban motar gyaran ƙanƙara, yana wurin, shi ya ba ni labari.

Bara ne, ranar Laraba da hantsi. Rémi Cloutier, ɗan bayan da ta ɗinka wa suna shekara goma sha huɗu, ya sauko yana jan gwiwa. Abin da yake tsoro shi ne a kore shi da takarda manne a bango, kamar baƙo.

“Inna, wai har yanzu wannan keken naki bai yi ritaya ba?”

“Ya fi gwiwarka lafiya. Me ya kawo ka?”

Ya ɗan yi dariya, idonsa na kan tarin rigunan da ta lulluɓe da zane.

“Ba zan tambaye ki ba, na san halinki. Abu ɗaya dai. Tsohona yana son ya tuƙo mota ya zo wasan Asabar. In ce masa ya taho?”

Gaston ya ce keken ya tsaya cak.

“Hanyar da nisa, ɗan nan. Bar dattijo ya huta.”

Washegari Rémi ya tara abokan wasansa, ya ajiye sandarsa ta wasa, ya yi ritaya da kansa. Aka buga sanduna a ƙanƙara, aka rungume shi, ya fita da mutuncinsa.

Da Juma'a ta zo, Koci Bérubé ya kawo mata takardar sunayen, ya ce, “Rémi ya hutar da ni. Har jiya ban yanke tsakaninsa da wani sabon yaro ba.”

Wayyo! Tun daga ranar take ɗauke da wannan magana. Ta cece shi daga wulaƙanci ne, ko ta yanke masa shekara guda ta wasa da bakinta? Ba wanda zai iya gaya mata, kuma ba ta da wanda za ta tambaya, don Rémi bai sake saukowa ba. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ta ce wa Gaston idonta ne ya gaji. Gaston ya ce idonta ƙalau yake.

Na iske Rémi yana koya wa 'yan mata wasa a filin unguwarsu. Da na ambace ta, ya jingina da katanga.

“Gaskiya ta faɗa, gwiwata ta riga ta sani. Kunya ce ta hana ni zuwa. Ni na sa ta karya dokarta.”

Mun gode, Inna Odile. Kin san sirrin mutane, ba ki taɓa cin kasuwa da shi ba, ranar da kika furta kuwa tausayi ne ya sa ki. Wanda duk aka ba amanar makomar wani, ya koya daga gare ki.

Kai kuma Rémi, abin da ka gaya mini ba ni nake bukatar jin sa ba. Saura kwana tara ta miƙa makulli.