Fastar Cigiyar Baba

Baba ya ɓace ne ana tsakiyar kamfen. Na kawo shi Abuja ganin likita saboda mantuwar da ta kama shi. Wata safiya ina ofis a ma'aikata, ya buɗe ƙofa ya fice, ba waya, ba ko takalmin kirki. Na zaga asibitoci da ofishin 'yan sanda, shiru.

Sai na nufi wani shagon buga fasta. Mai shagon, wanda a Abuja ya koyi Hausa, ya nuna min wasu haruffa a kwamfuta: dogaye, masu kauri, a matse da juna, ba ƙafa ba kwalliya. Ya ce, "Hajiya, Abuja ba a tafiya da ƙafa. Wannan rubutu, ko mota yana gudu za a karanta." Ya ce saboda matsinsu kalma takan cika faɗin takarda ba ta karye ba. Na ce ya buga kawai, ba lacca na zo ji ba. Hoton da nake da shi na ranar Sallah ne, Baba cikin babbar riga da hula, yana murmushi. Aka ɗora CIGIYA a sama da ja, lambata a ƙasa.

Na bi na manna a gadoji, da tashoshi, har hanyar Bwari. Na zauna na tsare waya da ido. Ba wanda ya kira. Wasu fastocin ma da na koma, an lulluɓe su da na 'yan takara. Na tsaya ina kallo, sai na lura: irin haruffan nan ne sak a kan nasu, irin rigar, irin murmushin. Wa zai tsaya ya karanta?

Na ɓamɓaro guda cikin na Baba, na shiga kasuwar kifi ta Kado ina nuna wa mutane ɗaya bayan ɗaya. Wata dattijuwa mai ƙyafaffen kifi ta leƙa, ta ce, "Au, Kansila! Ai kullum muna tsokanarsa, ga fastarsa a bakin titi amma ko sisi bai raba mana ba."

Na ce, "Mama, mahaifina ne! Ɓata ya yi!"

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! 'Yar nan, mu mun zaci faɗuwa zaɓen fidda gwani ce ta taɓa shi."

Ta ja hannuna zuwa bayan rumfa. Yana zaune a kan buhun gawayi, ƙafafunsa duk sun tsage. Na durƙusa ina kuka, na kama hannunsa. Ya dube ni da ladabi, ya ce, "Baiwar Allah, don Allah ko kin san gidan 'yata? Tana can hankalinta a tashe."